Daga Luwau zuwa Hawan Daushe: yadda biki ke komawa abin kallon baƙo

A watan Disamba na 2024, a birnin Asunsiyon na ƙasar Faragwai, hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Wata shida kafin wannan rana, a Babbar Sallah, rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawan saboda rikicin sarauta, aka kuma sake hana shi a Ƙaramar Sallar 2025. Duniya ta yi wa hawa shaida a daidai lokacin da dawakan suke ɗaure a turke.

Duk ranar da ƙura ta lafa, maganar da za ta taso sananniya ce: yadda za a jawo masu yawon buɗe ido, a gina rumfuna, a sayar da tikiti, a samu kuɗin shiga. Maganar ba ta da laifi. Sai dai akwai mutanen da suka riga mu bin wannan hanya, suka kai har ƙarshenta, kuma ya kamata mu san abin da suka tarar. Su ne mutanen tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik, masu wata liyafa da ake kira luwau.

Abin da baƙo ke saya a Hawayi

Baƙon da ya sauka a Honolulu a yau da wuya ya koma gida bai halarci luwau ba. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana biyan kuɗin shiga, wanda sau da yawa yakan haura dala 100 ga mutum ɗaya. A bakin ƙofa a rataya wa baƙo sarƙar furanni ko ta ƙwanson teku, a ɗauke shi hoto. Kafin faɗuwar rana a tara jama'a a bakin wani rami da ake kira imu, inda aka binne alade tun da safe a kan duwatsu masu zafi, an lulluɓe shi da ganyen ayaba. A tone shi a gaban kowa, a yi tafi. Daga nan a zauna cin abinci: naman, da kifi, da kaza, da wani kirɓaɓɓen gwaza mai ruwa-ruwa da suke kira poi. Idan duhu ya yi sai a kunna fitilun dandamali, a shiga raye-raye na sa'a guda ko fiye, a rufe da wani gwani mai juya wuƙa tana ci da wuta. Gobe da yamma a maimaita wa wasu baƙin, jibi ma haka.

Mai kallo yakan tashi da yaƙinin cewa ya ga al'adar Hawayi tun ta kaka da kakanni. Amma rawar nan mai saurin kaɗa ƙugu ta Tahiti ce. Rawar zare ido da buga ƙirji ta Maori ce, mutanen Niyu Zilan. Wasan wuƙa na Samowa ne, wutar da ke jikinta kuma wani ɗan Samowa mai suna Freddie Letuli ne ya ƙara ta a 1946, a Amurka. Ƙaramar garayar nan da ake kira ukulele, wadda ta zama tambarin tsibiran, ta samo asali ne daga kayan kiɗan 'yan ci-rani na Fotugal da suka iso a 1879. Tsakanin wasu daga cikin tsibiran nan akwai tafiyar dubban kilomita a teku, kowanne da harshensa da sarautarsa. Dandamali ya haɗe su a dare ɗaya ya kira su Folinesiya, kamar a ce an kawo sharon Fulani da rawar Tibi da kalangun mahauta da dodon Yarabawa a jere, a ce wa baƙo ga al'adar Kano.

Liyafar da ta rushe doka

Asalin luwau siyasa ce. A tsohuwar Hawayi akwai dokar addinin gargajiya da ta haramta wa maza da mata cin abinci tare, ta kuma hana mata wasu nau'o'in abinci, ciki har da naman alade da ayaba da kwakwa. Hukuncin karya ta na iya kaiwa ga kisa. A 1819 Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin mulki guda, ya rasu. Ɗansa Liholiho ya gaje shi. Bayan 'yan watanni, bisa matsin manyan matan fada biyu, mahaifiyarsa Keopuolani da kishiyarta Kaahumanu, sabon sarki ya zauna a bainar jama'a ya ci abinci tare da mata. Da wannan zama guda tsohon tsarin addini ya rushe. A shekarar ce kuma, a nan Kano, Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta, ya kafa gidan da ke mulki har yau.

Daga nan liyafar taron jama'a ta zama hanyar da sarakunan Hawayi ke nuna ƙarfinsu da yalwarsu. A 1847 Kamehameha na Uku ya yi wadda aka fi tunawa da ita, don murnar zagayowar ranar da Ingila ta mayar masa da mulkinsa bayan wani jami'in sojan ruwanta ya ƙwace shi na 'yan watanni a 1843. An ce mutum wajen 10,000 suka halarta, aka lissafa aladu 271 da kwakwa 2,245 cikin abin da aka ci. Sunan luwau kansa na abinci ne: ɗanyen ganyen gwaza da ake dafawa da madarar kwakwa. A hankali sunan miyar ya zama sunan bikin.

Rawar hula kuwa, wadda baƙo ke ɗauka wasan nishaɗi ce, ita ce taskar tarihinsu. Mutane ne da ba su da rubutu kafin zuwan Turawa, saboda haka salsalar sarakuna da labarin ƙasa da yabon magabata duk cikin waƙa da motsin hannu aka adana su, kwatankwacin abin da maroƙan fada da masu kirari suke yi a wurinmu. 'Yan mishan sun iso a 1820, suka ƙyamace ta, a 1830 Kaahumanu, wadda ta karɓi Kiristanci, ta hana yin ta a fili. Sai a zamanin Sarki Kalakaua ta dawo da martabarta, musamman a bikin naɗinsa na 1883.

Shekara goma bayan wannan naɗi, a 1893, wasu attajirai masu gonakin rake, akasarinsu 'yan asalin Amurka, suka kifar da ƙanwarsa Sarauniya Liliuokalani da goyon bayan sojojin ruwan Amurka. A 1896 aka mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu, harshen ƙasa ya fara ja da baya. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran.

Yadda aka mayar da ita haja

Da fada ta faɗi, liyafa da rawa suka rasa uban gida. Wanda ya karɓe su shi ne mai otal. A 1937 kamfanin Kodak ya fara shirya wasan hula a Waikiki da rana tsaka, saboda wasannin otal da dare ake yin su, na'urar hoton baƙi kuma ba ta iya ɗauka a duhu. An matsar da rawa zuwa lokacin da ya dace da mai sayar da fim ɗin hoto, wasan kuma ya ci gaba har 2002. A 1959 Hawayi ta zama jiha ta 50 a Amurka, a shekarar ce kuma jiragen sama masu injin jet suka fara jigila zuwa can. A 1963 cocin Momon ya buɗe wata cibiyar al'adun Folinesiya a garin Laie, inda ɗaliban jami'arsa daga tsibirai daban-daban ke nuna raye-rayen ƙasashensu don samun kuɗin karatu. Zuwa 2019 baƙin da suka shiga Hawayi a shekara guda sun haura miliyan 10, alhali mazauna jihar ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

Idan aka bi wannan tarihi a tsanake, za a ga matakai uku. Da farko ikon da bikin ke wakilta ya tafi. Na biyu, fuskar masu wasa ta juya daga shugabansu da jama'arsu zuwa ga baƙo. Na uku, aka cire bikin daga lokacinsa da dalilinsa, ya zama ana yin sa kowace yamma saboda akwai mai biya. Da wannan ma'auni za mu auna namu.

Hawa kafin zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya jingina wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, abubuwa da dama da har yau su ne ƙashin bayan hawa: kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage, da fita sallar Idi a fili. Shi ya gina Gidan Rumfa, shi ya kafa kasuwar Kurmi. Hawa ya tsiro ne a mahaɗar abubuwa biyu, ibada da yaƙi. Doki shi ne babban makamin ƙasar Hausa, kuma kowane mai sarauta yana da nauyin kawo mahaya idan sarki ya yi kira. Ranar Sallah ita ce ranar da kowa ke fitowa da abin da ya tanada: dawakinsa, da barorinsa, da 'yan lifidi da 'yan sulke. Sarki ya ga ƙarfinsa, talakawa su ga sarkinsu da ransa da lafiyarsa, mai niyyar tawaye kuma ya ga abin da ke jiransa. Hakimin da bai zo ba, rashin zuwansa ma jawabi ne.

Jahi shi ne zuciyar al'amarin. Mahaya su sako dawaki a guje su nufo sarki, sai sun zo dab da shi su ja linzami, su ɗaga hannu su yi jinjina. Ma'anarta a fili take: ga ƙarfin da zai iya cutarwa, ga shi ya tsaya cak don biyayya.

Hanyoyin hawan ma kowacce da tarihinta. Ranar Sallah ana sauka Idi a Ƙofar Mata a komo fada ta cikin gari. Hawan Daushe ziyara ce ga Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki, kafin a dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Wato sarki da duk rundunarsa suna tafiya gaida uwa. Fanisau kuwa ribaɗi ne na zamanin Ibrahim Dabo, lokacin da yake fama da Ɗan Tunku. A can ne matafiyin nan na Ingila, Hugh Clapperton, ya je ya gaishe shi a 1824. Baƙon Bature na wancan zamani shi ke zuwa inda sarki yake, ya jira a yi masa iso.

Daba: lokacin da jinjina ta sauya alƙibla

Kalmar da duniya ta san hawanmu da ita baƙuwa ce. Asalinta Farisanci ne, darbar, wato zaman fada, kuma daga Indiya Ingilishi suka ɗauko ta. A Delhi sun shirya manyan taruka uku da wannan suna, a 1877 da 1903 da 1911, inda sarakunan Indiya suka yi jerin gwano suna mubaya'a ga sarautar Ingila. Na biyun an yi shi ne a watan Janairun 1903. A farkon Fabrairu dakarun Kanar Morland suka fasa ganuwa suka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can kuma ya fara aikin soja. Ya san amfanin irin wannan taro sarai.

Bahaushe ya karɓi kalmar ya mayar da ita daba, ya kuma ajiye ta a gefe guda: hawan Sallah daban, hawan daba daban. Wannan bambanci da harshe ya kiyaye yana da muhimmanci. An yi daba a Zariya a 1911 don naɗin Sarki Joji na Biyar. An yi a Kano a farkon 1913 a gaban Lugga, an sake yi a 1925 don Yariman Wales, a zamanin Sarki Usman. An yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka kuma yi a 1959 don bikin mulkin kai na Jihar Arewa.

Kayan duk namu ne, dawaki da kakaki da alkyabba. Abin da ya sauya abu uku ne. Lokaci ya daina bin ganin wata, ya koma bin ranar da babban baƙo zai sauka. Wuri ya tashi daga ƙofar fada zuwa filin sukuwa, daga baya ma zuwa Kaduna, garin da Turawa suka kafa, wanda ba shi da sarkin yanka. Sannan jinjinar da ake yi wa sarki, yanzu sarkin ne da kansa ke jagorantar mutanensa su yi wa wani da ke zaune a rumfa. Sarakunan da a da kowannensu rana ce a ƙasarsa aka jera su sahu-sahu bisa darajar da Gwamna ya ba su, na daular Usmaniyya da na Barno a fili ɗaya, a bayansu kuma ƙungiyoyin masu rawa daga ƙabilu daban-daban. Wannan shi ne luwau ɗinmu, kuma mun yi shi tun kafin Kodak ya fara nasa.

Bayan 'yancin kai ba a yar da tsarin ba, gado aka yi. A bikin FESTAC na 1977 gwamnatin soja ta shirya gagarumar daba a Kaduna, har aka gina otal aka sa masa sunanta. Kujerar da Gwamna Bature ya bari, shugaban ƙasa da baƙinsa suka hau. Tun daga nan daba ta zama abin da ake yi wa duk wani babban baƙo da ake son a burge.

Har cikin hawan Sallah kansa zamanin Turawa ya bar sawunsa. Nassarawa ita ce unguwar da suka kafa mazauninsu a wajen ganuwa, kuma gaisuwar da sarki ke kaiwa gidan gwamnati a Hawan Nassarawa, a da Razdan ake kai wa. Amma a nan wani abu ya faru da ya cancanci lura. Kanawa sun haɗiye wannan hawa ya zama nasu. Sarki yana ziyartar kaburburan magabatansa a gidan Nassarawa, yana faɗa wa gwamna koken jama'a a gaban kowa, yana ratsa Sabon Gari inda mazauna Kano 'yan wasu sassan ƙasa ke fitowa su gaishe shi. Abin da aka ƙaƙaba don nuna wanda ke sama ya koma hanyar da gari ke ganin kansa gaba ɗaya. Argungu ma ta ga irin wannan: bikin kamun kifinta na zamani ya faro ne a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, yau kuma babu mai ce masa baƙon abu. Tsufan al'ada ko sabuntarta ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne wa ke riƙe da linzaminta.

Abin da baƙo ke gani da abin da ɗan gari ke karantawa

Jakadan da aka zaunar a rumfa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe yana ganin launuka, da ƙura, da ƙarar bindigogi, da ƙyallin kayan doki. Tsohuwar da ke tsaye a bakin lungu a Yakasai tana karanta wani littafi dabam. Ta san rawani mai kunne biyu na 'ya'yan sarki ne. Ta san tawagar wane hakimi ce ta wuce tun daga kiɗan da ke binta, ta san wanda mahayansa suka ƙaru bana da wanda nasa suka ragu, ta san wanda aka matsar gaba a jeri da wanda aka mayar baya. Ta san jajayen riguna da kore na dogarai ne, ta san aikin Shamaki da na Ɗanrimi da na Sallama. Idan laima ta bayyana daga nesa, ba ta bukatar mai sanarwa.

Wannan ilimi na gama-gari shi ne ainihin abin da UNESCO ta yi wa rajista, ko da takardar ba ta faɗe shi da wannan lafazi ba. Kuma shi ne abin da ke saurin mutuwa idan biki ya koma dandamali, domin wasan da aka shirya wa wanda bai san komai ba dole a sauƙaƙa shi. Abin da ba ya ɗaukar ido a hoto sai a yanke shi, abin da ke sa a yi tafi sai a ƙara masa wuta, kamar wuƙar Samowa.

A ɓangaren abinci ma akwai darasi. Luwau ta haɗa ci da kallo a tikiti guda. A birnin Kano abincin Sallah ba shi da ƙofar shiga. Fita yake yi: tuwo da miyar taushe, da funkaso, da waina, da alkaki da dubulan da nakiya, yara na ɗauke da kwanuka daga gida zuwa gida, kwanon da ya tafi kuma ba ya dawowa wayam. Naman layya ana rabawa ne har ga maƙwabcin da bai yanka ba. Baƙon da ya ci wannan abinci ya ci ne domin wani ya shigar da shi gidansa, ya zama akwai sanayya da nauyi a tsakaninsu. Ranar da aka jera waɗannan kwanuka a teburin otal aka sa musu farashi, abincin zai yi daɗi yadda ya saba, amma zumuncin da ke yawo da shi ba zai biyo shi ba.

Kada kuma mu ɗauka baƙi kaɗai ke yin wannan. A bukukuwan auren manyan gari an saba ware ranar Fulani, 'yan birni su sa kayan saƙi, su riƙe ƙwarya da sanda, a ɗauki hoto. Makiyayin da aka ari kayansa ba ya cikin waɗanda aka gayyata, kuma halin da yake ciki a daji ba ya cikin abin da ake tunawa a wurin. Mu ma mun iya yi wa wasu luwau.

Inda Kano ta tsaya

A ma'aunin nan na matakai uku, Kano ta taka na farko tun 1903, gyare-gyaren ƙananan hukumomi na 1976 kuma suka ƙarasa raba sarauta da ikon gudanarwa. Na biyu ta taka shi da ƙafa ɗaya, ta hanyar daba. Na ukun ne ba ta taka ba. Har yanzu hawan Sallah na jiran wata, masu kallonsa mafi yawa 'yan gari ne da mutanen karkara da suka shigo, kuma ba wanda ke biyan ko sisi don ya tsaya a bakin titi ya ga sarki.

Haɗarin da ke gabanmu iri biyu ne, kuma suna ciyar da juna. Na farko shi ne yawan dakatarwa. An fasa hawa a 2020 saboda annobar korona, wannan uzuri ne da kowa ya fahimta. Amma hanin da ya biyo bayan rikicin 2024, inda mutum biyu ke amsa sunan Sarkin Kano, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a gidan Nassarawa, ba shi da ranar ƙarewa da aka sani. Kowace Sallah da ta wuce ba hawa, akwai baduku da bai ɗinka jalala ba, da maƙeri a Lokon Maƙera da bai ƙera likkafa da linzami ba, da maɗinki a Soron Ɗinki da bai karɓi aikin riga ba, da mai kakaki da bai koya wa ɗansa busa a gaban jama'a ba. Mai doki yana sayen harawa da dusa shekara guda cur saboda kwana huɗu ko biyar. Idan kwanakin suka daina zuwa, wata rana zai sayar da dokin. Yaron da ya tashi bai ga jeri ba, ba zai iya karanta shi ba.

Na biyu yana biyo bayan na farko. Idan hawa na gaskiya ya yi rauni, kwaikwayonsa ne zai cike gurbin: daba ta musamman don taron masu zuba jari, dawaki goma a harabar otal, mai algaita a bakin ƙofar liyafa. A Hawayi ma sai da fada ta faɗi sannan otal ya samu abin sayarwa.

Labarin nasu bai ƙare a otal ba, kuma ƙarshensa ya fi farkonsa amfani a gare mu. A 1964 aka fara wani biki a garin Hilo don tunawa da Sarki Kalakaua, daga 1971 ya zama gasar hula ta gaske, wadda malaman rawar ke yi wa alƙalanci bisa ƙa'idojinsu, masu kallonta na farko kuma 'yan ƙasa ne. A 1978 harshen Hawayi ya zama harshen hukuma a jihar, a shekarun 1980 iyaye suka buɗe makarantun yara da ake koyarwa da shi zalla. A 1993 majalisar dokokin Amurka ta nemi afuwa a hukumance kan juyin mulkin 1893. Iyalai kuma ba su taɓa daina yin tasu luwau ba, musamman idan jariri ya cika shekara guda. Ana yin ta a bayan gida, dangi ne ke girki, ba a sayar da tikiti. Luwau ta otal tana nan tana ciyar da dubban ma'aikata, da yawansu 'yan ƙasa ne masu alfahari da sana'arsu. Abin da suka koya da tsada shi ne a raba biyun, a san wanne ne na gida wanne ne na kasuwa, kada na kasuwa ya zama shi kaɗai ya rage.

Mu harshenmu ya riga ya raba mana su. Abin da ya rage shi ne hukuma da masarauta su mutunta rabon. A bar hawan Sallah a lokacinsa da hanyoyinsa, kada a jinkirta shi ko a gajarta shi don jadawalin wani babban baƙo. Idan za a gina rumfar masu tikiti, kada ta tare wa mutanen gari wuraren da suka saba tsayawa. Wani kaso sananne na abin da aka tara ya koma ga masu doki da makaɗa da masu sana'ar kayan hawa, tunda su ke ɗauke da nauyin. Masu yi wa baƙi bayani su zama 'yan gari da aka horar, waɗanda za su iya cewa ga abin da ya zo daga Rumfa, ga na Dabo, ga na zamanin Razdan, ba tare da jin kunyar ko ɗaya ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna da kayan da za a fara da su. Daba kuwa a ci gaba da yi wa baƙi, a kira ta da sunanta.

Kafin duk wannan, sai an kwance dawakin. Masu ruwa da tsaki a rikicin sarauta, da gwamnatocin da ke bayansu, suna jayayya ne a kan wanda zai shiga ƙarƙashin laima. Jama'ar da ke cika tituna daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kudu su ma suna da haƙƙi a cikin wannan hawa, kuma su ba a kai ƙararsu kotu ba.